Gero da Maiwa

Ni na koya wa Hambali riƙon alli.
Yana ɗan shekara shida, majina har leɓe,
a ajin da iskar bazara ta yaye wa kwano,
nan Aujara, gabas da rijiyar makera.

Shekara goma ta juya,
muka shiga mota ɗaya zuwa Dutse,
shi da sha shida, ni da arba'in da uku,
takarda iri ɗaya a aljihun kowa.
Mai gadin jami'a ya dube ni ya ce,
"Baba, iyaye a nan suke tsayawa."
Na miƙa masa katina.
Sau biyu ya juya shi.

A aji Hambali rairayi ne,
kafin ka ɗaga buta ya shanye.
Ni kuwa lakar fadama,
sai ruwa ya kwana a kaina yana neman hanya.
Malami na bayani, ni ina lissafin taki,
da kuɗin allurar Hansai,
da wace akuya za ta tafi ranar kasuwa.
A zangon farko na sayi tabarau.
Shi ya sayi waya.

Da aka kafe sakamako
daga sama ya fara neman sunansa, ya samu.
Ni daga ƙasa na faro, ban yi nisa ba.
Daren nan ya zo da fitila da littafi,
ya zauna bakin katifata.
"Malam, ba haka ba, goge ka sake."
Maganata ce, har da yadda nake jan ta.
Na goge. Na sake.

Shekara ta biyu ce ta kama shi.
Ba uwa mai tashinsa da asuba,
ba uba mai ƙirga sa'o'in dare.
Kuɗin wata ya ƙare ran tara ga wata.
Darasi biyu suka zame masa,
na same shi bayan ɗakin kwana
yana kuka irin na yara, da kafaɗu,
yana cewa kada Inna ta ji.
Ban yi wa'azi ba. Na jiƙa gari,
na raba ƙuli-ƙuli gida biyu.
Daga ranar ni ne zakaransa,
ƙarfe huɗu da rabi ina bakin ƙofa.

Yanzu hutu ne, damina ta tsufa.
Jiya a dandali bayan la'asar
Barau, ubansa, ya rage muryar rediyo:
"Ga su can suna ta gardama,
wai shekara nawa yaro zai kai kafin jami'a.
Kai da ka ga biyun, Malam Ilu,
ɗanye ya fi, ko wanda ya sha rana?"

Na dubi gona.
An girbe gero, yana kwance a dami,
maiwa na tsaye shar, ko kai ba ta fitar ba.
Amsa ta zo har bakina:
kowanne da watansa, rumbu ɗaya za su.
Na haɗiye ta.
Na taɓa ganin geron da ya riga kowa nuna
tsuntsaye suka yi biki a kansa.
Na taɓa ganin maiwar da ruwa ya ɗauke
ya bar ta da ciki, sai kara.
Ajinmu ma akwai su:
yarinyar da ba ta dawo ba bayan Sallah,
da dattijon Gumel da bashi ya kira gida.

Na ce, "Shi uku da ɗigo huɗu.
Ni uku da ɗigo ɗaya."
Barau ya ce, "To wa ya ci?"
Aka yi dariya, aka kira magariba.

Jibi za mu koma.
Shi zai ɗauki jakata saboda bayana,
ni zan riƙe kuɗin motarsa.